Tashar nukiliya ko motoci marasa fetur: wanne ya fi rage hayaƙin da ke ɗumama duniya?

"Assalamu alaikum. Muna ta gardama da wani abokin aikina a kan hanyar da ta fi dacewa a rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi. Shi yana ganin tashoshin nukiliya ne mafita, ni kuwa ina ganin motoci ne tushen matsalar, don haka a koma ga masu amfani da lantarki ko gas ko man da ake tatsa daga tsirrai. Idan gwamnati kuɗin abu ɗaya kawai take da shi, wanne ya kamata ta zaɓa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka daidai, abin da kake son sani shi ne inda kuɗi zai fi rage nauyin hayaƙi, ko a wajen samar da wutar lantarki ko a kan titi. Aikina na tsara hanyoyin samar da lantarki ne, kuma wannan tambaya takan taso kusan duk lokacin da aka zauna da masu tsara kasafi. Amsar da nake ba su ita ce zan ba ka: abin da ke yanke hukunci shi ne irin makamashin da ƙasar take ƙonawa a tashoshinta na lantarki a yau. Inda kwal ne, a fara da tashoshin. Inda wutar ta riga ta tsarkaka, a koma kan motocin. Kuma a cikin motocin da ka lissafa, ta lantarki ce kaɗai ke iya kai hayaƙi kusa da sifili, ita ma sai idan an samu irin wutar da abokin aikinka yake magana a kai.

Kafin mu shiga lissafi, yana da kyau a san girman kowane ɓangare. Ƙona kwal da fetur da gas yana sakin kimanin tan biliyan 37 na iskar kabon a shekara. Samar da lantarki da zafi yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan adadi, sufuri kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wanda kashi uku cikin huɗunsa na motocin titi ne, ƙanana da manya. Saboda haka ta fuskar girma kaɗai, ɓangaren abokin aikinka ya ninka naka. Amma girman tulin ba shi ne ke nuna inda aka fi saurin ɗiba ba.

Lissafin tafiyar kilomita ɗari

Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Mutane sukan yi mamakin yadda litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba za ta haifar da fiye da kilo biyu, amma dalilin shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da ke sarari kafin ya fita ta salansa. Matsakaiciyar mota mai shan lita 7 a kilomita 100 tana fitar da kilo 16 ke nan. Idan aka haɗa da hayaƙin haƙo ɗanyen man da tace shi da jigilarsa, adadin yana kusantar kilo 20.

Motar lantarki mai irin wannan girma tana cin kusan kilowat-awa 18 (ma'aunin yawan wutar da aka sha) a wannan tazara, kuma idan aka sa abin da ke zurarewa a wayoyi da wajen caji, sai mu ce 21. Hayaƙinta ya dogara kacokan da asalin wutar. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya fitar a 2014 da matsakaicin hayaƙin kowace hanyar samar da lantarki, tun daga gina tasha har rushe ta: kwal giram 820 a kowane kilowat-awa, gas giram 490, hasken rana tsakanin 41 da 48, madatsar ruwa 24, nukiliya 12, fankokin iska 11 zuwa 12. Idan ka ninka waɗannan da 21, motar da aka yi wa caji da wutar kwal zalla tana da alhakin kilo 17, wadda aka yi wa da wutar gas kilo 10, ta wutar nukiliya kuwa rubu'in kilo ɗaya. Mota guda ce, direba guda, hanya guda, amma bambancin ya kai ninki kusan saba'in, kuma ba a cikin motar yake ba.

Akwai kuma bashin da motar lantarki take fitowa da shi daga masana'anta. Ƙera batir yana cin makamashi mai yawa, kuma batirin matsakaiciyar mota yana iya jawo ƙarin tan uku zuwa shida na hayaƙi kafin taya ta taɓa kwalta. Inda wuta take da tsabta, ana biyan wannan bashi cikin shekara ɗaya ko biyu na tuƙi. Inda kwal ya mamaye, ribar kilo uku a kowane kilomita ɗari ce kawai, don haka biyan bashin yana iya cinye mafi yawan rayuwar motar.

Yanzu mu juya lissafin ta ɗaya gefen, domin a nan ne gardamarku take warwarewa. Tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke samar da zafin da tasha ke mayarwa lantarki, mai ƙarfin megawat 1,000, idan tana aiki kashi 90 cikin ɗari na lokutan shekara kamar yadda nagartattu suke yi, tana ba da kusan kilowat-awa biliyan 7.9. Idan aka yi amfani da wannan wuta aka kashe tashar kwal, an rage kimanin tan miliyan 6.4 a shekara. Idan tashar gas aka kashe, kimanin tan miliyan 3.8. To, idan kuma aka bar tsofaffin tashoshin yadda suke, aka zuba wutar a batiran motoci masu tafiyar kilomita 12,000 a shekara, za ta ɗauki motoci miliyan uku da 'yan kai, kuma fetur ɗin da ba su sha ba zai kai tan miliyan 7.5 na hayaƙi, wanda yake komawa kusan 6.5 bayan an cire bashin batir. Duk lokacin da na sa wannan lissafi a gaban masu tsara manufa sukan tsaya su sake dubawa, saboda adadin biyu kusan ɗaya ne. Ma'anarsa ita ce tsarkakakkiyar wuta tana yin aiki iri ɗaya ko ta kori kwal ko ta kori fetur, kuma aikin da take yi a mota ya kusan ninka wanda za ta yi idan gas za ta kora a tasha. Abin da ba ya yin aiki shi ne motoci miliyan uku ba tare da sabuwar tsarkakakkiyar wutar ba.

Ba duk motar da ta bar fetur ce ta bar hayaƙi ba

Ka haɗa lantarki da gas da man tsirrai a kwando ɗaya, kuma a nan ne nake ganin hujjarka ta fi rauni. Motar da aka mayar mai amfani da matsattsen gas tana rage hayaƙin salansa da kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da fetur. Amma gas ɗin kansa iskar metan ce, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 80 a tsawon shekara ashirin. Idan kaso kaɗan ya tsiyaye a rijiya ko bututu ko wajen ɗurawa, ribar ta tafi. Gas yana da amfaninsa wajen rage kuɗin mai da baƙin hayaƙin da ke cutar da huhu a birane, kuma waɗannan dalilai ne masu nauyi, sai dai ba su ne tambayarka ba.

Man tsirrai labarinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Birazil ta fara shirinta na itanol daga rake a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973, kuma tun 2003 ake sayar da motocin da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu. Rake yana ba da mai da yawa a kowace kadada, kuma ana ƙona ragowarsa bayan an tatse shi a tafiyar da masana'antar, shi ya sa ribar take ta gaske. Itanol ɗin masara na Amurka, wanda ke cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ƙasar take nomawa, ribarsa ƙarama ce da zarar an lissafa takin zamani da gas ɗin da ake dafa shi da shi. Mafi muni shi ne inda aka sare daji don a shuka kwakwar manja a yi dizal da ita, kamar yadda ya faru a sassan Indonesiya, domin kabon ɗin da dajin da ƙasarsa suka saki yana iya ɗaukar shekaru gommai kafin man ya rama shi. Ko da an kauce wa duk wannan, babu isasshiyar gonar da za ta ciyar da motoci fiye da biliyan ɗaya ta kuma ciyar da mutane.

Haidurojin, wata iska da wasu motoci ke amfani da ita a madadin fetur, ba zan daɗe a kansa ba. Kusan duk wanda ake samarwa a yau daga gas da kwal ake fitar da shi, kuma kowane kilo ɗaya da aka samu daga gas yana barin kimanin kilo 10 na kabon. Idan kuma da lantarki aka raba ruwa aka same shi, ana buƙatar fiye da kilowat-awa 50 a kilo ɗaya, wanda zai kai mota irin Toyota Mirai kilomita ɗari da ɗan ɗoriya. Wutar da za ta kai motar haidurojin ɗaya za ta kai motar batir fiye da biyu.

Wadda ake yawan mantawa da ita ita ce mota mai haɗa injin fetur da ƙaramin batir, irin Prius da ta fito a 1997. Tana shan kusan lita huɗu da rabi a kilomita ɗari, wato kilo 12 zuwa 13 na hayaƙi gaba ɗaya. A ƙasar da wutarta ta kwal ce zalla, wannan mota ta fi ta lantarki tsabta, duk da cewa ba a yi mata talla da sunan mai ceton duniya.

Abin da ke ɗaure wa nukiliya ƙafa

Abokin aikinka yana da tarihi a bayansa. Faransa ta ƙaddamar da shirinta na nukiliya gadan-gadan a 1974, kuma zuwa 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na wutarta daga nan yake fitowa. Ƙasashe kaɗan ne suka taɓa tsarkake lantarkinsu da irin wannan sauri, kuma har yau hayaƙin wutar Faransa ƙaramin kaso ne na na maƙwabciyarta Jamus. Sirrin shi ne an zaɓi ƙira kaɗan aka yi ta maimaita su, ma'aikata ɗaya suna tashi daga wannan aiki su faɗa wancan, gwamnati kuma tana tsaye a bayan bashin.

Abin da aka gani a Turai da Amurka a wannan ƙarni ya sha bamban. An fara gina tukunyar Olkiluoto 3 a Finlan a 2005, ba ta fara aiki sosai ba sai 2023. Flamanville 3 a Faransa an fara ta a 2007 da ƙiyasin yuro biliyan 3.3, aka haɗa ta da layin wuta a Disambar 2024 bayan kuɗin ya haura biliyan 13. Tukwane biyu na Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka an ƙiyasta su a kusan dala biliyan 14, suka ƙare a sama da biliyan 30, suka fara aiki a 2023 da 2024. A aikin nukiliya jinkiri shi ne tsada, saboda kusan duk kuɗin ana kashe shi ne kafin a sayar da wutar farko, kuma kuɗin ruwa yana ta hauhawa a kan bashin a duk shekarun ginin. A lissafin da nake yi wa irin waɗannan ayyuka, sauya kuɗin ruwa daga kashi 3 zuwa kashi 10 cikin ɗari kaɗai yana kusan ninka farashin wutar, ba tare da an canza ko ƙusa ɗaya a ginin ba. Ƙasar da masu ba da bashi suke ɗari-ɗari da ita za ta sayi tasha iri ɗaya da tsada fiye da ƙasa mai arziki.

Ba ko'ina aka yi wannan tuntuɓe ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda a da ba ta taɓa mallakar tashar nukiliya ba, ta ba kamfanonin Koriya ta Kudu aikin Barakah: tukwane huɗu iri ɗaya, jimillar megawat 5,600, an fara a 2012, ta farko ta ba da wuta a 2020, ta huɗu ta kammala shiga aiki a 2024, kuma yanzu suna ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar. Sin ma tana kammala nata cikin shekara biyar zuwa bakwai. Amma ko a wannan kyakkyawan misali shekara takwas aka yi kafin wutar farko, ban da shekarun kafa hukumar sa ido da horar da ma'aikata. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 ga ƙasar da za ta fara daga tushe. Akwai kuma wani sharaɗi da 'yan siyasa ba sa son ji: a ƙa'idar da muke bi, tukunya ɗaya bai kamata ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin layin wutar ƙasa ba, domin ranar da ta tsaya ba zato sauran tashoshi ne za su ɗauki nauyinta cikin daƙiƙoƙi, in ba haka ba layin duka ya faɗi. Ƙasar da layinta bai kai megawat 10,000 mai ƙwari ba, babbar tukunya ba tata ba ce tukuna. Ƙananan tukwane da ake ta yi wa kirari za su iya sauya wannan, amma fitaccen aikin kamfanin NuScale a Amurka an soke shi a 2023 bayan ƙiyasin kuɗinsa ya tashi.

Game da haɗari, Chernobil a 1986 da Fukushima a 2011 sun bar tabo na gaske, an kwashe garuruwa, an kashe maƙudan kuɗi wajen share wuri. Duk da haka, idan aka auna mace-mace da yawan wutar da aka samar, kwal ya ninka nukiliya sau ɗaruruwa, saboda ƙurar hayaƙinsa tana kisa kullum ba tare da ta shiga labarai ba. Sharar nukiliya ƙarama ce a girma amma tana buƙatar tsaro na dubban shekaru, kuma Finlan ce ta fi kowa nisa da rumbun Onkalo da ta haƙa a cikin dutse, zurfin fiye da mita 400.

Inda ba ni da wata tantama shi ne batun tashoshin da suka riga suka tsaya da ƙafafunsu. Tsawaita rayuwar tukunyar da aka gama biyan kuɗinta yana cikin hanyoyi mafi arha na samun tsarkakakkiyar wuta. Jamus ta kashe ukun ƙarshe nata a Afrilun 2023 alhali tashoshin kwal suna ci gaba da aiki, kuma a ganina an yi jerin a juye.

Ya kamata kuma ka gaya wa abokin aikinka cewa abokin takarar nukiliya na gaskiya ba mota ba ce, hasken rana ne da iska. Farashin wutar sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ana gama babbar gonar sola cikin shekara ɗaya ko biyu. Kason nukiliya a wutar duniya kuwa ya sauko daga kimanin kashi 17 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa kusan kashi 9 yanzu. Abin da nukiliya take da shi wanda su ba su da shi shi ne tana ba da wuta dare da rana, damina da rani, kuma wannan yana ƙara daraja ne yayin da kason sola da iska ya yi yawa har ajiyar wuta ta zama babbar matsala.

Saurin da motoci suke sauyawa

Motoci ma suna da nasu jinkirin, sai dai ba a ganinsa kamar na ginin da ya ƙi ƙarewa. A 2024 an sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, fiye da ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar, kuma sama da miliyan 11 a Sin kaɗai. Amma mota tana yin shekara goma sha biyar ko ashirin a kan titi, kuma idan ta tsufa a wata ƙasa sai a tura ta wata. A Norwe kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, duk da haka a wannan shekarar na lantarki ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke yawo a titunanta ba. Ita Norwe kusan duk wutarta daga ruwa da iska take, don haka kowace mota da ta sauya riba ce cikakkiya. Sin kuwa fiye da rabin wutarta kwal ne, ribar kowace mota a can ta fi ƙanƙanta a yau, amma tana ƙaruwa duk shekarar da aka ƙara sola da nukiliya a layin. Wannan wata fa'ida ce da motar fetur ba ta da ita, domin yadda aka saye ta haka za ta yi ta hayaƙi har ta mutu.

Bambancin da ya fi shafar tambayarka ta kuɗin gwamnati shi ne wanda ke biya. Tashar nukiliya kusan kullum gwamnati ce ke ɗaukar nauyinta ko ta tsaya wa bashinta. Motoci kuwa jama'a ne ke saye da kuɗinsu, kuma da ma za su saya. Tun da farashin batir ya faɗi daga sama da dala 1,000 a kowane kilowat-awa a 2010 zuwa kusan dala 115 a 2024, abin da ya rage wa gwamnati shi ne wuraren caji, da gyaran haraji, da ƙarfafa taransifomomin unguwanni. Idan kuma za ta sayi motoci da kanta, to ta sayi waɗanda ba sa hutawa. Bas ɗin haya ko tasi ko babur mai ƙafa uku yana yin tafiyar da ta ninka ta motar gida sau da yawa, don haka yana biyan bashin batirinsa da wuri. Birnin Shenzhen ya mayar da bas-bas ɗinsa kusan 16,000 na lantarki tun 2017.

Idan aka tilasta mini zaɓi ɗaya, ga yadda zan raba. Ƙasar da kwal ya mamaye wutarta, kamar Folan ko Indiya ko Afirka ta Kudu, ta sa kuɗin a tashoshi: sola da iska da farko saboda sauri, nukiliya kuma idan tana da layi mai ƙarfi da bashi mai rahusa da niyyar gina tukwane da yawa iri ɗaya, ba guda ɗaya ta nuna bajinta ba. Ƙasar da wutarta ta riga ta tsarkaka, kamar Faransa ko Suwidin ko Birazil, ƙarin tukunya ba zai rage mata hayaƙi sosai ba, titi ne filin aikinta. Ƙasar da gas ne ginshiƙinta tana tsakiya, kuma lissafin da muka yi a sama ya nuna motar lantarki ta riga ta raba hayaƙi biyu a can, don haka zan karkata ga motocin haya na lantarki tare da sola.

Adadin da na yi amfani da su matsakaita ne. Tsohuwar tashar kwal tana iya wuce giram 1,000, babbar mota mai nauyi tana cin wuta fiye da kilowat-awa 18, sanyi mai tsanani yana rage tazarar batir, kuma lokacin da aka yi caji yana da tasiri, domin cajin tsakar rana a ƙasa mai sola ba ɗaya yake da na magariba ba, lokacin da ake tayar da tashoshin gas don cike giɓi. Sannan ko an yi duka biyun an gama, jiragen sama da na ruwa, da siminti da ƙarfe da takin zamani, da noma da sare daji suna nan da nasu hayaƙin, wanda ya kai kaso mai tsoka na jimillar, kuma tukunyar nukiliya ko batirin mota ba sa taɓa mafi yawansa kai tsaye.